Daga Tuddan Wisconsin Zuwa Filayen Oklahoma: Yadda Aikin Kare Ƙasa da Ruwa Ya Yi Ta Sauya Alƙibla

Tafiyar da na yi a tsakiyar Amurka a watan Yuni ta fara ne daga garin La Crosse da ke bakin kogin Misisipi a jihar Wisconsin, ta ratsa Iowa da Nebraska da Kansas, ta ƙare a ƙuryar yammacin Oklahoma. Na zaɓi wannan hanya ne saboda a kanta mutum yana iya ganin aikin kare ƙasar noma da ruwa na shekara 90 a shimfiɗe, kowane zamani da abin da ya bari a gona, kuma sau da yawa abin da wani zamani ya gina da kuɗin gwamnati shi ne wanda ya biyo bayansa yake neman kuɗin da zai rushe.

Daga La Crosse zuwa ƙauyen Coon Valley tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya, a kan hanya mai hawa da gangara tsakanin tuddai masu dazuzzuka. A gefen hanya akwai allon tarihi da ke shaida cewa a nan ne gwamnatin tarayya ta fara aikin kare ƙasa na kwari guda sukutum a shekarar 1933, ƙarƙashin hukumar yaƙi da zaizayar ƙasa wadda Hugh Hammond Bennett ya jagoranta. Kwarin rafin Coon Creek ya kai kimanin hekta 37,000. Baƙin da suka zauna a wurin tun ƙarni na 19, yawancinsu daga Norway, sun sare daji, suka riƙa huɗa daga saman tudu zuwa gindinsa, suka saki shanun madara a kan gangare har ciyawar ta ƙare. Kafin 1930 kwazazzabai sun tsaga gonaki, wasu har sun isa su haɗiye gida, kuma laka ta cika kwarin har ta binne hanyoyi da gadoji da ginshiƙan tsofaffin gine-gine.

Abin da ma'aikatan Bennett suka kawo yana nan har yanzu, kuma shi ne ya fi komai jan ido idan aka tsaya a kan tudu aka dubi gonakin. An yanka gangaren gida-gida a kwance, yadda kowane layi yake bin tudun a tsayi ɗaya, a shuka masara a wannan ratsi, a shuka ciyawar dabbobi a wanda ke ƙasa da shi, sai tudun ya zama kamar saƙi mai ratsin kore da baƙi. Ruwan da ya kwaso ƙasa daga ratsin masara yana isowa ratsin ciyawa sai gudunsa ya mutu, ya ajiye abin da ya ɗauko. An kuma killace gangare mai tsananin tsayi aka hana shanu shiga. Kusan rabin manoman kwarin sun sa hannu a yarjejeniyar shekara 5, gwamnati ta ba su iri da taki da farar ƙasa da wayar shinge, matasan rundunar aikin gandun daji da Shugaba Roosevelt ya kafa kuma suka yi aikin ƙarfi. Masanin dabbobin daji Aldo Leopold na jami'ar Wisconsin yana cikin waɗanda suka ba da shawara. Manufar wancan lokaci ɗaya ce, kuma a fili take: kada ƙasa ta bar gona.

Aikin ya ci nasara, domin a yau rafukan yankin garau suke da ruwa mai sanyi, har masu kamun kifi suna zuwa daga nesa. Amma a kwarin ne kuma na fara ganin yadda ra'ayi yake juyawa. Wata doka ta 1954 ta ba hukumar damar gina ƙananan madatsun ruwa a kan rafuka don hana ambaliya, aka gina dubbai a faɗin ƙasar, Coon Creek ma ya sami nasa a farkon shekarun 1960. A ƙarshen watan Agusta na 2018 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsu 5 suka ɓalle a wannan kwari da na maƙwabcinsa, ruwa ya shiga gidajen Coon Valley. Bayan nazari, hukumar da ta gina madatsun ita ce ta ba da shawarar a rushe mafi yawansu, domin kuɗin sake gina su ya zarce darajar abin da suke karewa. Wani malamin gona da ya zaga da ni ya nuna mini ɗaya daga cikin wuraren, inda bangon ƙasa ya tsage ta gefe, ya bayyana mini cewa yanzu maganarsu da manoma ta koma kan yadda ruwa zai nutse a saman tudu tun kafin ya taru, da yadda za a bar wa rafi fadamarsa ya malala idan ya cika.

Da na haye Misisipi na shiga Iowa, bayan tafiya kaɗan tuddai suka kwanta, masara da waken suya suka mamaye ko'ina har iyakar gani. Ƙasar arewacin tsakiyar jihar baƙa ce wuluk, kuma asalinta dausayi ne da ciyawa mai tsayi. Abin da ya mai da ita gona ba a ganinsa daga kan hanya, domin yana binne kimanin mita ɗaya a ƙarƙashin ƙasa: bututu ne masu huji, a da na yumɓu, yanzu na roba, waɗanda suke tsotse ruwan da ya yi wa saiwa yawa su zuba shi a magudana. Na tsaya a bakin wata magudana na ga bakin bututun yana zubar da ruwa fari tas, babu ko ɗigon laka. Da ma'aunin zamanin Bennett za a auna wannan gona da ta ci jarrabawa, tunda ba ta asarar ƙasa. Shekaru masu yawa ma, janye ruwa daga dausayi yana cikin ayyukan da gwamnati take taimaka wa manomi da kuɗi da injiniyoyi a kansu, da sunan gyaran ƙasa. Iowa ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na dausayinta ta wannan hanya.

Matsalar ruwan nan fari tana cikin abin da ya narke a cikinsa. Takin zamani da kashin dabbobi da ita kanta baƙar ƙasar suna sakin sinadarin naitiret, wanda ba ya manne wa ƙasa, sai ya bi ruwa cikin bututu, musamman a watannin Afrilu zuwa Yuni lokacin da gonar take tsirara ko shukar ba ta yi saiwar da za ta sha shi ba. Birnin Des Moines yana ɗebo ruwan shansa daga kogin Raccoon da kogin Des Moines, dokar ƙasa kuma ta ƙayyade kada naitiret ya wuce miligiram 10 a kowace lita ta ruwan sha. Tun farkon shekarun 1990 hukumar ruwan birnin take da na'urar tace naitiret, kuma a 2015 ta kai ƙarar hukumomin magudanan ruwa na gundumomi 3 da ke sama da ita, wato Sac da Buena Vista da Calhoun. Kotu ta kori ƙarar a 2017. Dokar tsabtace ruwa ta 1972 ta ɗaure masana'antu da biranen da ke zubar da ƙazanta ta bututu, amma ta bar ruwan da ke fita daga gonaki a hannun ganin damar manomi. A watan Yunin 2025 naitiret ya yi yawa har aka hana mazauna yankin Des Moines ba wa ciyawar ƙofar gidajensu ruwa, domin wanda ake iya tacewa ya wadaci sha.

Ruwan ba ya tsayawa a Des Moines. Yana gangarawa Misisipi har Tekun Meziko, inda sinadarin yake ciyar da gansakuka, ita kuma idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da ke ruwan ƙasan teku, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. A 2017 faɗin wannan mataccen yanki ya haura murabba'in kilomita 22,000, alhali burin da aka sa shi ne a rage shi zuwa 5,000. Iowa ta fitar da shirinta a 2013 da niyyar rage abin da take zubarwa da kashi 45 cikin 100, amma shiri ne na wanda ya so ya bi. A ganina wannan shi ne sauyi mafi wahala a duk tarihin. Bennett yana iya kama hannun manomi ya kai shi bakin kwazazzabon da ke cin gonarsa, manomin kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Malamin gona na yau yana roƙon manomi ne ya kashe kuɗi domin masunci da ke nesa da shi da fiye da kilomita 1,000, wanda ba zai taɓa gani ba, a kan ɓarnar da ba ta rage masa ko buhu ɗaya.

Gabas da Des Moines, kusa da Prairie City, akwai gandun Neal Smith, inda ake dawo da ciyawar asali a kan tsofaffin gonaki, kuma inda masanan jami'ar jihar Iowa suka fara wani gwaji a 2007. Sun shuka ratsin ciyawar asali da furanninta a cikin gonar masara, kimanin kashi 10 cikin 100 na gonar, suka tarar cewa ƙasar da ke fita ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, tsuntsaye da ƙudan zuma kuma suka ƙaru. Da na tsaya a gefen ɗaya daga cikin irin waɗannan ratsi, siffarsa ba ta bambanta da ta Coon Valley ba. Abin da ya bambanta shi ne shukar da aka zaɓa da dalilin zaɓenta. Ma'aikatan farko duk shukar da za ta riƙe ƙasa da sauri ita suke rabawa, ko daga ina ta fito, shi ya sa suka cika kudancin Amurka da wata shuka mai yaɗo daga Asiya mai suna kudzu, wadda ta haye itatuwa da turakun lantarki har aka sa ta cikin jerin miyagun ciyawa. Yanzu ana tambayar ko shukar 'yar wurin ce, da wane tsuntsu ko ƙwaro zai amfana da ita. Dokar noma ta 2018 ta sa ratsin ciyawar asali cikin abin da gwamnati take biyan manomi a kansa.

Nebraska na ratsa ta ne da sauri, amma akwai abu ɗaya da ba a iya kau da kai daga gare shi, wato layukan tsofaffin itatuwa a gefen gonaki, wasu sun bushe, wasu an tuge su an tara a gefe ana jiran ƙonawa. Da yawa daga cikin irin waɗannan layuka sun samo asali ne daga shirin 1935 zuwa 1942, lokacin da aka dasa itatuwa kimanin miliyan 220 daga Dakota ta Arewa har Texas domin karya ƙarfin iska. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsi mai yawa daga Amurka, farashi ya tashi, sakataren noma Earl Butz ya yi kira ga manoma su shuka daga shinge zuwa shinge. Manyan injuna ba sa son lungu, na'urar ban ruwa mai juyawa kuma ba ta iya tsallake itace, sai aka shiga tuge abin da kakanni suka dasa. Martanin ya zo a dokar 1985, wadda ta ce duk mai noma ƙasar da ke saurin zaizaya dole ya bi tsarin kare ta in yana son tallafin gwamnati, wanda ya janye ruwan dausayi kuma ya rasa tallafin. Dokar ta kuma kafa shirin hayar gona, inda gwamnati take biyan manomi kowace shekara ya bar gonar cikin ciyawa na shekara 10 zuwa 15. Ƙididdigar hukuma ta nuna zaizayar gonaki ta sauka daga tan biliyan 3 a shekara a 1982 zuwa kimanin biliyan 1.7 a 2007. A 1994 hukumar da Bennett ya jagoranta ta sauya suna daga ta kare ƙasar noma ta koma ta kare albarkatu baki ɗaya.

A yammacin Kansas ne maganar ta koma ta ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama a nan kaɗan ne, amma gonakin masara kore shar suke, kowace a zagaye, saboda wani dogon bututu mai tayoyi, tsawonsa kimanin mita 400, da ke kewaya rijiyar burtsatse yana yayyafi. Frank Zybach ne ya yi wa wannan na'ura rajista a 1952. Ruwan daga tafkin ƙarƙashin ƙasa na Ogallala yake fitowa, wanda ya shimfiɗu ƙarƙashin jihohi 8, kuma a wannan sashe abin da ruwan sama yake mayarwa a shekara bai kai ko kusa da abin da ake zuƙa ba. Mutanen da suka sha wuyar fari na shekarun 1930 da 1950 sun ɗauki ban ruwa a matsayin tsira, domin gonar da ke da danshi da shuka iska ba ta kwashe ta. Da na isa Garden City na tsaya a kan gadar kogin Arkansas, abin da ke ƙarƙashina yashi ne da sawun tayoyi.

Da ruwan ya fara ja da baya, maganin farko da aka kawo shi ne a taimaka wa manoma su sayi kawunan yayyafi da ke sauko da ruwa kusa da shuka domin rage wanda iska da rana suke sha. Bincike a yammacin Kansas ya nuna cewa an gudu ne ba a tsira ba, domin manoma da yawa sun yi amfani da rarar wajen faɗaɗa gona ko komawa ga shuka mai shan ruwa, jimillar abin da ake zuƙa ta ƙaru. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar jihar da ta ce wanda bai yi amfani da haƙƙinsa na ruwa ba zai iya rasa shi, wadda sai a 2012 aka sassauta ta a wuraren da aka rufe ba da sabon izini. Kusa da garin Hoxie a gundumar Sheridan, manoman wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 256 suka zauna da kansu suka amince a 2013 cewa kowa zai rage kashi 20 cikin 100, aka ƙayyade wa kowace gona ruwa mai zurfin inci 55 a shekara 5, mutum ya raba shi yadda ya ga dama tsakanin shekarar fari da ta ruwa, hukumar jiha kuma ta ba yarjejeniyar ƙarfin doka. Ragin da suka yi ya ma zarce wanda suka ɗauka, kuma ribarsu ba ta rushe ba. Wani manomi da na zanta da shi a can ya nuna mini wayarsa, inda na'urar da ya binne a gona take gaya masa danshin ƙasa a zurfi daban-daban, ya ce a da yana kunna injin ne idan ya ga maƙwabci ya kunna. Ya kuma koma haɗa dawa da alkama a wani sashe na gonar.

Shi ne kuma ya ɗauko shebur ya haƙa mini ƙasa a gonar da ya daina huɗa shekaru da dama. Karan bara yana kwance a kai, ƙarƙashinsa ƙasar ta dunƙule ƙanana-ƙanana, da ramukan tana da farin zaren naman gwari. Wannan shi ne yaren malaman gona na yanzu: kada a tayar da ƙasa, a rufe ta, a bar saiwa mai rai a cikinta tsawon shekara, a sassaɓa shuka. Hukumar tarayya ta kare albarkatu ta buɗe sashen lafiyar ƙasa a 2014, a 2022 kuma majalisa ta ware dala biliyan 19.5 ga shirye-shiryen kare ƙasa da sunan sauyin yanayi, wato ana son ƙasa ta riƙe iskar kabon. Ina da ja a kan yadda ake zuzuta wannan. Noma ba tare da huɗa ba ya dogara ƙwarai ga maganin kashe ciyawa, ciyayi da dama kuma sun daina jin maganin, har wasu manoma sun sake fito da garma. Shukar rufe ƙasa da ke da amfani a Iowa tana shanye danshin da alkama take jira a Kansas. Auna kabon ɗin da ƙasa ta riƙe ma aiki ne mai wuya da tsada, kuma huɗa ɗaya tana iya sakin wani ɓangare na abin da aka tara.

Daga nan na gangara kudu zuwa Elkhart a gundumar Morton, ɗaya daga cikin wuraren da guguwar ƙura ta fi ɗaiɗaitawa. Bayan an kife ciyawar asali da garma a shekarun 1910 da 1920 domin alkama, fari ya zo, iska ta kwashe saman ƙasar, ƙurar har ta kai Washington. Mafi shaharar guguwar ita ce ta ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935, kuma ranar 27 ga watan aka sa hannu a dokar da ta mai da hukumar Bennett ta dindindin. Gwamnati ta saye gonakin da suka lalace ta mayar da su ciyawa, su ne yanzu gandun Cimarron mai faɗin kimanin hekta 44,000, inda ake kiwo da izini kuma ake lura da tsuntsayen da suka kusa ƙarewa. Tsohuwar matsalar dai tana nan da ranta. A ranar 14 ga Maris 2025 ƙura ta rufe babbar hanya kusa da Goodland a arewa maso yammacin Kansas, motoci fiye da 70 suka yi karo, mutum 8 suka rasu, kamar yadda wata guguwar daga gonakin da aka huɗe ta kashe mutum 8 a kan hanya a Illinois a watan Mayun 2023.

Tsakanin Elkhart da Boise City a Oklahoma, gefen hanya gauraye yake: nan ciyawar haya, can alkama ta nuna, gaba kuma sabuwar huɗa. Gonakin da ke cikin shirin haya sun kai kusan hekta miliyan 15 a 2007, sannan suka sauka zuwa kimanin miliyan 9 a 2020, bayan dokokin haɗa man fetur da na masara sun ɗaga farashin hatsi kuma majalisa ta rage iyakar shirin. Wani dattijo da na tarar yana gyaran shinge ya gaya mini cewa yarjejeniyar wani sashe na gonarsa ta kusa ƙarewa, kuma abu uku yake dubawa kafin ya yanke shawara: kuɗin hayar da gwamnati za ta yi masa tayi, farashin alkama, da abin da mai shanu zai biya in ya bar masa ciyawar ya yi kiwo. Ya ce ɗansa ya fi karkata ga shanun, domin ciyawar ta riga ta kafu kuma rijiyar da ke wannan sashe ba ta ba da ruwan da zai ishi masara.